Zancen Bakina da Wasan Ƙarshe na Lyon

Zuwa ga mai girma Shugaban Kwamitin Ƙwallo na ɗalibanmu 'yan Nijar da ke jami'o'in Paris da kewaye, Malam Laminu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyalinka, da 'yan kwamitinka, da 'yan wasanmu duka har da masu ɗumama benci. Sannu da ɗawainiyar jama'a. Allah ya saka da alheri.

Ni ne Alhaji Habu, mutumin Damagaram, mai kantin shadda da turare a Saint-Denis. Kai ba sai na gaya maka ba, tunda a gidana ka sauka lokacin da ka fara taka ƙasar nan, da akwati guda da wata rigar sanyi da ba ta tare ko iskar fanka. Na faɗi sunana ne saboda sauran jama'a, don wasiƙar a buɗe take. Na so mu yi wannan magana a zaurenmu na waya inda aka saba yin ta, to kun fitar da ni daga ciki. Na kira ka, ka ce kana reniyo, wato taro. Na sake kira, har yanzu reniyon bai tashi ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Za a manna guda a ƙofar kantina, saura kuma a tura wa duk mai waya.

Ga wanda bai san zancen ba, ga shi a taƙaice. Kowace shekara ɗalibanmu na garuruwan jami'a suna gasar balo, wato ƙwallon ƙafa, tsakaninsu, daga buɗe lakkol, farkon shekarar karatu ke nan, har zuwa gab da babban hutu. An raba ƙasar biyu, arewa da kudu, gwanin kowane ɓangare su haɗu a wasan ƙarshe. Bana Paris ce ta fito daga arewa, Lyon daga kudu, kuma a Lyon za a buga ranar Lahadi mai zuwa. Mai tsaron gidan Lyon ɗana ne, Bashir. Wannan ne wasansa na ƙarshe, don ya gama karatu, ya samu aiki a gida, zai koma. Filin kuwa na jami'a ne, mai gadi ba ya barin kowa ya shiga sai wanda wata ƙungiya ta ba da sunansa. Kwamitinka ya ƙi ba da nawa sai da sharaɗi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan.

Na farko, yadda nake da wannan ƙungiya.

Ni ban yi jami'a ba. Iyakacin shigata jami'a ta ƙofar baya ne, wadda ke kai mutum filin wasa. Amma tun kafin ka zama shugaba, tun kafin ma gemunka ya haɗe, nake bin ƙungiyar Paris. Duk Lahadi, ko ana ruwa ko ana sanyin nan mai yanka kunne, ina bayan raga da kujerata mai naɗewa, da ledar lemu, da butar shayi, wani lokaci har da kilishi in an aiko daga gida. Rigunan wasa a injin maiɗakina Hajiya Rakiya ake wanke su, har injin ya koyi wani kuka da bai zo da shi daga kanti ba. Ba gori nake yi ba. Ina so ne a san ba mai wucewa ne ya tsaya yana surutu ba.

Shi kuma hasashen da ya zama laifi yau, ba ni na ƙirƙiro shi ba. Yaran ne da kansu suka riƙa tambayata, Baba Alhaji, me ka gani a wasan jibi? Tun ina amsawa da baki har abin ya zama al'ada. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai in aika saƙon murya a zaure, in faɗi wanda zai ci, da ƙwallo nawa, da dalilina. Wani lokaci in dace, wani lokaci in kuskure, kamar kowa. Gaskiya kuskuren ya ɗan fi yawa. Amma dariya ake yi a wuce, ba wanda ya taɓa ɗaukar abin da zafi sai bana.

Na biyu, abin da ya faru bana, tunda a kansa kuka kafa hujja.

Wasan farko da Lille ne, a gida. Na ce za mu ci uku da babu. An ci mu biyu da babu. To amma ka tuna yadda aka yi. 'Yan wasanmu da ke zaune a Sevran tsohon filin da muka bari tun bara suka nufa, don sakatarenka Mutari ya manta bai sanar da su an canza ba. Suna can suna miƙe jijiya su kaɗai, suna mamakin rashin zuwan mutane, mu muna nan muna fama da mutum tara. Na taran ma ma'ajin kwamiti ne, wanda ya shiga fili da takalmin zuwa buro, irin na ma'aikatan ofis. Ni ba ni ne sakatare ba, Shugaba.

Wasa na biyu da Rennes. Na ce wannan karon ba makawa namu ne. Aka sake cin mu. A ranar da safe an yi suna a Montreuil, kuma ina wurin, da idona na gani. 'Yan bayanmu sun zauna gaban tiren shinkafa da dambun nama kamar ba su da wani aiki a ranar, ɗayansu ya yi ta komawa har mai rabon abincin ta gane shi. Aka ɗora da fura. Da aka hura usur, ka ga yadda suke gudu, kamar masu tura amalanke a yashi. Wanda ya sha furar yana nan, ba a ce masa komai ba. Ni da na sha shayi kawai, ni aka fara kallo.

Wasa na uku da Strasbourg, raina a ɓace yake. Na ce a saƙon Juma'a, in dai haka za a ci gaba, to mu shirya shan kashi, ba abin da zai hana su lallasa mu. Muka ci su huɗu da ɗaya. Wallahi ba wanda ya kai ni murna, har hulata na jefa sama ta faɗa cikin taɓo. Sai da na sunkuya ɗaukarta na lura benci duka ni yake kallo, ba fili ba. Ban kawo komai a raina ba. Na ɗauka hular suke tausayi.

Sai maganar Sale, ɗan Maraɗi, mai ci mana ƙwallo. Abin da na faɗa yana nan a wayar kowa, a sake saurare. Na ce muddin ƙafar Sale na lafiya, ba mai tare mu. Washegari Asabar Sale ya zame da kekensa yana kai wa mutane abinci, ya gurɗe a idon sawu. An wuni ana ruwa a ranar. Tayar keken kuma ta suɗe tas, ni da kaina na sha gaya masa ya canza ta. Wannan maganar tawa ba wanda ya tuna da ita, don ta zama gaskiya. Na je duba shi da lemu da madara, abokin ɗakinsa ya tare ni a bakin ƙofa ya ce barci yake. Ina jin muryarsa daga ciki yana waya. Na ajiye ledar na juyo, kuma ba zan ɓoye maka ba, abin ya yi min ciwo.

Ranar Litinin na buɗe waya na ga an rubuta Mutari ya cire ni daga zaure. Ba sallama, ba bayani. Da yamma ya zo kanti yana sosa ƙeya, ya ce kwamiti ya ga ya dace in ɗan huta da zuwa fili, saboda kwanciyar hankalin 'yan wasa. Na tambaye shi kujerata fa, da ke cikin ɗakin ajiyar kaya? Ya ce za a kawo min. Har yau mai horaswa ne ke zama a kanta, an nuna min hoto.

Na san abin da za ka ce a nan, don haka bari in riga ka. Tun ranar da aka kore ni ba a sake cin Paris ba, har muka fito wasan ƙarshe. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai a cikin wannan lokaci an gama jarrabawar tsakiyar shekara, yara sun samu barci. Ƙafar Sale ta warke. Mutari ya koyi sanar da fili. Ba a sake yin suna ranar wasa ba. Sannan dogon yaron nan na Tawa, wanda na daɗe ina cewa a mai da shi baya, mai horaswa ya kai shi gaba, ya yi ta zura ƙwallo da ka. Na yarda wannan ma ba yadda na ce aka yi ba. Amma rashin iya hasashe daban, mugun baki daban. In duk wanda ya yi hasashe ya kuskure za a kora, da ba sauran mai kallon ƙwallo a duniya.

Ni Musulmi ne, ban ce babu kambun baka ba, malamai sun yi bayaninsa. Abin da na sani shi ne yana fitowa daga mai hassada, ko wanda ya yaba abu bai ambaci Allah ba. To wace hassada zan yi wa yaran da matata ke wanke wa safa? Kuma a binciki saƙonnina kaf, ba guda da babu in sha Allahu a farkonsa da ma sha Allahu a ƙarshensa. Kai da ka yi shekaru kana karatun lissafi har ana ce maka dokta, na yi zaton in an kawo maka irin wannan zance za ka ce a kawo wata hujjar. Ashe kai ka sa hannu.

Na uku, abin da wannan hukunci ya jawo min a gari.

Zancen bai tsaya a fili ba, ya bi layin metro ya shiga kowane gida. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayen leshi a wurina ta zo, ta yafa wani a kafaɗa, na buɗe baki zan ce ya karɓe ta, sai ta ɗaga hannu ta ce, "A'a Alhaji, kada ka ce komai, biki za ni da shi." Ɗalibai masu shirin jarrabawa in sun hango ni sai su tuna da wani uzuri a ɗaya gefen titi. A masallaci in aka ce wane ya sayi mota, sai a yi shiru a jira in wuce.

Wannan ma da sauƙi a kan masu zuwa neman taimako. Wani ɗalibi ya same ni, ya durƙusa har ƙasa, ya ce takardar zamansa ta kusa ƙarewa, ya kai neman sabuwa, don Allah in ce ba za a ba shi ba. Na ce Allah ya sa a ba ka. Ya fita kamar wanda aka yi wa rasuwa. Wani ɗan kasuwa kuma, mutum da furfurarsa, ya ja ni gefe ya ce ko zan bi ta gaban shagon maƙwabcinsa in yaba yadda yake ciniki. Shekarun da na yi a unguwar nan da sunan mai shadda aka san ni. Yanzu kun canza min sana'a ba tare da shawarata ba.

Na huɗu, kuma shi ne ainihin abin da ya tayar da ni.

Da aka tabbatar Lyon za mu, na yi tunanin ko ba komai zan bi ta wajen ɗana. Bashir ya kai sunana ga nasu kwamitin. Suka ce masa sun ji labarin Alhaji, suna girmama shi ƙwarai, amma ya yi haƙuri. Ka ga aikinku ya yi kyau, har kudu ya kai. Ƙungiya biyu ne a wasan nan, kowace tana tsoron in zauna a bayanta.

Ana cikin haka sai ga Mutari ya dawo kanti, wannan karon da fara'a, har da tambayar lafiyar Hajiya. Ga abin da ya ce, kuma akwai masu sayayya biyu da suka ji: "Baba Alhaji, Shugaba na gaishe ka. Ya ce c'est très simple, abu ne mai sauƙi. Kujerar gaba a cikin kar, babbar motar da za ta kai mu Lyon, taka ce, a mai da kai zaure, a ba da sunanka a ƙofa. Kai dai ranar Juma'a ka yi saƙonka kamar kullum, ka ce Lyon ce za ta ɗauki kofi, kuma gardiyan ɗinsu ko guda ba za a zura masa ba." Na ce ka san ko wane ne mai tsaron gidan nan? Ya ce, "Mun sani, Baba. Ai shi ya sa zai fi kamawa."

Malam Laminu, ina so ka tsaya a nan ka sake karanta wannan. Watanni kuna cewa bakina guba ne, kun raba ni da fili saboda shi. Yanzu kuma kun ga yana da amfani, kun zo aro, kuma wanda kuke so a zuba wa ɗan cikina ne. In kun yarda da abin da kuke faɗa, to uba kuka aika wa ya yi wa ɗansa baki don ku ɗauki kofin da ko shayi ba a sha da shi. In kuma ba ku yarda ba, to me ya sa kujerata take ƙarƙashin mai horaswa?

Kuma ba baƙo ba ne a wurinka. A ɗakinsa ka kwana lokacin da ka sauka gidana, shi ya koma kan katifa a ƙasa ya bar maka gado. Kai ne kake fita da shi wurin ajiye motoci na ƙasan bene, ku sa jakunkuna biyu a matsayin raga, kana buga masa yana kamawa. Kafin kai, ni ne nake jefa masa ƙullin safa a bayan kanti, yana faɗawa kan dilolin shadda, Hajiya tana faɗa za mu karya mata yaro. Da ya tafi Lyon karatun aikin ruwa, suka ba shi raga tun shekarar farko. Tun daga lokacin ban taɓa ganinsa a cikin rigarsu ba, ko sau ɗaya. Su ma Lahadi suke wasa, ni kuwa Lahadina na ba ku. Kullum ina cewa sai wani mako, yana cewa ba komai Baba. To makon ya ƙare. Daga wannan Lahadi zai rataye safar hannu, ya hau jirgi, ya je ya yi ta haƙa rijiyoyi.

Labarin sharaɗinku ya riga ni isa wurinsa, don ba abin da ke ɓoyuwa tsakanin ɗalibai. Ya kira ni yana dariya. Ya ce, "Baba, ka faɗa musu abin da suke so mana, c'est rien. Ni ban damu ba. Ni dai in waiwaya in gan ka bayan raga." Na ce to, zan duba.

Kuma na duba. Bayan azahar na shiga bayan kanti, na zauna kan dila, na danna wayar don in ɗauki saƙon. Na ce a raina ai maganar ma gaskiya ce, don in don ni ne, na san hannun yaron nan. Na yi sallama yadda na saba, na gaida 'yan zaure, na yi in sha Allahu. Na fara bayanin 'yan bayan Lyon, na yaba 'yan tsakiyarsu, komai na tafiya daidai. Da na iso kan mai tsaron gida sai yatsana ya ɗaga da kansa. Na sake gwadawa, a daidai wurin ya sake ɗagawa. Na goge, na fito na ci gaba da auna wa mutane yadi.

Da na gaya wa Hajiya, ba ta yi mamaki ba. Ta ce ai ita ta daɗe da lura, duk surutuna na Juma'a, wanda na ci gaba da yi a kanti bayan an cire ni daga zaure, na taɓa kowace ƙungiya a ƙasar nan, har waɗanda ba ruwanmu da su, amma tun ranar da Sale ya faɗi ban sake ambaton Lyon ba, ko a gida. Na ce saboda ba ɓangarenmu ba ne. Ta ce to, ta ci gaba da tsinke zogalenta.

Ina nan a kan bakana, Shugaba. Fura ce ta ci mu a wasan Rennes, taya ce ta kayar da Sale, kuma bakina irin na kowa ne. Zan faɗi haka a gaban kowane malami da kowane dokta. Na tabbata ba abin da zai faru in na yi saƙon nan. Amma ba a kan Bashir zan gwada ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, cikin girmamawa.

A ba da sunana a ƙofar filin Lyon ba tare da wani sharaɗi ba. Kujerar gaba ta kar na yafe, a ba ma'aji, ya sha wahala bana. Ni da Hajiya jirgin ƙasa za mu hau, kada wani ya ji tayar kar ta yi ƙara a hanya ya waiwayo ni. A madadin haka na ɗauki alkawari a gaban duk mai karanta wannan: daga shigata fili har a tashi ba zan ce uffan ba. Ba zan yaba ba, ba zan kushe ba, ko alƙalin wasa ba zan yi wa gyara ba, kuma ka san wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Hajiya za ta zauna kusa da ni, ta ce ita ta ɗauki nauyin wannan, kuma ta fi kowane mai gadi iyawa.

A daina turo min masu neman in yi musu hasashen tsiya. Wanda ke son takardar zama ya je ya bi layi kamar kowa.

A dawo min da kujerata. Ƙafarta ta hagu tana da lalura, ni kaɗai na san yadda ake zama a kanta, kuma in ta kayar da mai horaswa na san wanda za a ce.

Zaure kuwa, in kun ga dama ku mai da ni, in ba ku gani ba ku bar shi. Saƙon Juma'a dai na wannan mako babu. Wannan ne karo na farko tun da aka fara da za a sauko daga masallaci ban ce komai ba, kuma kada wani ya fassara shirun, don na ji an fara.

In kuma kwamiti ya ƙi, ba zan yi rigima da mai gadi ba, aikinsa yake yi. Bashir ya ce akwai shingen waya a bayan ragar da ke wajen titi, ana hango fili daga nan. Rabin wasa zai tsaya a wannan raga, rabi a waccan. Zan tsaya a nan in samu rabina. Sai dai ina so ka sani, lokacin da kake zaune a inuwa cikin manyan baƙi, mutumin da ke tsaye a titi da ledar lemu shi ne wanda ya je tarbarka a filin jirgi. Lemun kuma na yaranka ne, kamar kullum, a turo wani ya karɓa ta saman shinge.

A ƙarshe, Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama shugabancinka lafiya. Na so in ƙara da addu'ar Allah ya kai ku Lyon lafiya ya dawo da ku lafiya, Hajiya ta ce in bari ita ta yi, don hankalin kowa ya kwanta. Ta yi, na ce amin a hankali. Nasara kuwa ban roƙa muku ba, ban roƙa wa Lyon ba, kada a ce na ce.

Akwai sauran addu'a guda da ta rage, ta mutum ɗaya. Ita ba zan rubuta ta ba, ba kuma zan aika ta a waya ba. Wanda nake roƙo yana ji ko ban buɗe baki ba.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Habu mai shadda,
Saint-Denis.